Ciki Ɗaya, Hali Daban: Me Sanin Halin Yaro Ke Ƙara wa Tarbiyya?

Me ya sa uwa ɗaya uba ɗaya za su haifi yara biyar, su ci tuwo a kwano ɗaya, su je makarantar allo ɗaya, amma ka tarar kowanne da inda ya sa gaba? Wannan harara kawai ta isa ta sa shi hawaye. Wancan ko ka ɗaga murya har maƙwabta su ji, ko a jikinsa. Tambayar tsohuwa ce, kakanninmu ma sun yi ta. Abin da ya sake taso da ita yanzu shi ne gajerun bidiyo da rubuce-rubucen da ke yawo a Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp na iyaye mata, masu cewa kowane yaro yana cikin ɗayan rukuni 4 ko 16, kuma da zarar ka gano rukunin ɗanka to ka samu makullin tarbiyyarsa.

Wasu sun karɓi maganar hannu bibbiyu, har ka ji uwa tana kiran ɗanta ɗan shekara uku da sunan rukuni. Wasu sun yi watsi da ita, suna ganin wata sabuwar hanya ce ta shagwaɓa yara da nema musu uzurin rashin kunya. Kowane ɓangare ya riƙe wata gaskiya, kowanne kuma ya tsallake wata.

Halin haihuwa daban, tarbiyya daban

Bahaushe yana da karin magana biyu da in ka jera su sai ka ga kamar suna faɗa da juna. Ya ce hali zanen dutse. Ya kuma ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In hali ba ya goguwa, mene ne amfanin tanƙwarawa?

Amsar ita ce abu biyu ake magana a kai, mu kuma muna kiran su da suna ɗaya. Akwai halin haihuwa: saurin da yaro yake firgita, ƙarfin kukansa, yawan motsinsa, yadda yake karɓar baƙon mutum ko baƙon abinci, tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya huce. Wannan tun yana goye ake ganinsa, kafin kowa ya koya masa komai. Duk macen da ta goyi 'ya'ya uku ta san wanda tun a zanin goyo ba ya yarda da kowa, da wanda kowa ya miƙa hannu zai tafi. Sannan akwai abin da ake ɗorawa a kai: gaskiya, riƙon amana, ladabi, tausayi, sallah a kan lokaci. Wannan koyonsa ake yi. Yaro mai zafin rai yana iya tashi mai gaskiya ko maƙaryaci, haka ma mai sanyin hali.

Addini ya daɗe da yin wannan rarrabewa. Annabi (SAW) ya gaya wa Ashajju na ƙabilar Abdul Ƙaisi cewa yana da halaye biyu da Allah yake so, haƙuri da natsuwa. A ruwayar Abu Dawuda, Ashajju ya tambaya ko shi ne ya koye su ko Allah ne ya halitta shi a kansu, aka amsa masa cewa Allah ne ya halitta shi a kansu. Imamu Gazali kuma ya buga misali da ƙwallon dabino: ba zai taɓa zama tuffa ba komai aka yi masa, amma zamansa bishiyar dabino sai da ban ruwa da kulawa.

Binciken da aka yi shekara da shekaru a kan tagwaye ya zo daidai da wannan. Kusan kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na bambancin hali tsakanin mutane yana komawa ga gado. Sauran kuwa rayuwa ce: gida, abokai, makaranta, ciwo, da abubuwan da suka faɗa wa mutum shi kaɗai.

Yaran New York da aka bi tun daga shimfiɗa

A 1956 wasu likitocin ƙwaƙwalwa biyu a Amurka, miji da mata, Alexander Thomas da Stella Chess, suka fara bin yara sama da 130 a birnin New York tun suna jarirai har suka girma. A lokacin, duk abin da ya lalace a halin yaro uwa ake ɗora wa laifi. Su kuma abin da suke gani a ɗakin duba marasa lafiya bai yi daidai da hakan ba: ga iyaye nagari da yaro mai wahala, ga gida a hargitse da yaro lafiya lau.

Sun auna abubuwa 9, ciki har da yawan motsi, daidaituwar lokacin barci da cin abinci, kusantar sabon abu ko ja da baya, saurin sabo, ƙarfin fushi ko murna, da naci a kan abu. Daga nan suka ga yawancin yaran sun kasu uku. Kusan kashi 40 cikin 100 masu sauƙin reno ne: barci a kan lokaci, fara'a, saurin sabo. Kusan kashi 10 su ne waɗanda muke kira rigimammu: kuka mai ƙarfi, barci ba tsari, duk sabon abu sai an sha daga. Kusan kashi 15 masu jinkirin sabo ne, masu ƙiwa, waɗanda ba sa tayar da hankali amma sai sun daɗe suna leƙe daga bayan zanin uwa kafin su fito.

In ka haɗa lissafin za ka ga bai kai 100 ba. Kashi 35 na yaran ba su shiga kowane rukuni ba. Wannan shi ne abin da masu bidiyo ba sa faɗa: ko a binciken da ya kafa wannan fanni, fiye da yaro ɗaya cikin uku ya ƙi zama a akwatin da aka tanadar masa.

Babban abin da Thomas da Chess suka bari shi ne abin da suka kira dacewa. Matsala ba ta cika tasowa daga halin yaro shi kaɗai ba. Tana tasowa ne idan abin da gida ko makaranta ke nema daga gare shi ya yi hannun riga da yadda aka halicce shi. Yaro mai ƙiriniya a gidan gona, da fili da awaki da aike, ba wanda zai ce yana da matsala. Ɗauko shi ka kulle a ɗaki biyu na haya, ka ce ya zauna shiru daga la'asar zuwa isha'i, sai ya zama abin kuka da shi a unguwa.

Halin da ake yabo a nan ana kushe shi a can

Akwai labari biyu da suke sa ni taka-tsantsan duk lokacin da na ji an ce wannan yaro halinsa mai kyau ne, wancan mara kyau.

A 1974 wani likita mai suna Marten deVries ya auna halin jarirai a cikin Masai, makiyayan ƙasar Kenya. Ya ware 10 mafi sauƙin reno da 10 mafi rigima. Sai fari ya tsananta, dabbobi suka mutu, madara ta yi ƙaranci. Da ya koma bayan 'yan watanni, jarirai 13 kawai ya iya ganowa. Cikin masu sauƙin reno 7, biyar sun rasu. Cikin rigimammu 6, ɗaya ne ya rasu. Adadin ya yi kaɗan a gina hukunci a kansa, amma abin da yake nuni gare shi yana da nauyi: a lokacin yunwa, mai kuka shi ake ba nono. Salihin jariri da ake yabo, shi ake mantawa da shi a shimfiɗa.

Na biyun daga ƙasar Sin ne. Wani masani, Xinyin Chen, da abokan aikinsa sun nazarci 'yan firamare a Shanghai. A 1990 yara masu kunya da kawaici su ne malamai ke yabo, abokai ke so, kuma suna ƙoƙari a karatu. Da aka sake aunawa a 2002, bayan tattalin arzikin ƙasar ya koma na gasa da cin kasuwa, sai lamarin ya juye: irin waɗannan yara su ne abokai ke gujewa, malamai ke gani ba su da kuzari. Cikin shekara 12 halin bai sauya ba, abin da jama'a ke nema ne ya sauya.

Wannan ya shafe mu kai-tsaye. A gidan Bahaushe kunya ado ce. Yarinyar da ke sunkuyar da kai, yaron da ba ya tsoma baki in manya na magana, su ne 'ya'yan albarka. Sai a kai su makarantar boko mai tsada inda ake ba da maki a kan ɗaga hannu da magana gaban aji, a aiko wa iyaye takarda cewa yaronsu ba shi da ƙarfin gwiwa. Yaro ɗaya, hukunci biyu, shi kuma yana tsakiya bai san laifinsa ba.

Rukuni 4 da rukuni 16: daga ina suka fito?

Rabon mutane gida huɗu ya girmi duk wata kwamfuta. Ya samo asali daga likitancin Girkawa, daga Hippocrates zuwa Galen, waɗanda suka ɗauka jiki yana tafiya ne a kan ruwa huɗu: jini, majina, da madaciya iri biyu, rawaya da baƙa. Wanda jini ya rinjaya a jikinsa mai fara'a ne, mai rawayar madaciya mai zafin rai, mai baƙar madaciya mai yawan tunani da damuwa, mai majina kuma mai sanyin jiki. Likitocin Musulunci irin su Ibn Sina sun gaji wannan tsari sun faɗaɗa shi. Likitancin zamani ya daɗe da ajiye maganar ruwa huɗun, sunayen ne kawai suka rage suna yawo.

Mai rukuni 16 kuwa shi ne gwajin Myers-Briggs, wanda wata Ba'amurkiya, Katharine Briggs, da 'yarta Isabel Myers suka tsara bisa ra'ayoyin masanin halayyar ɗan Adam Carl Jung na 1921, kuma kowane rukuni ana kiransa da wasu haruffa huɗu na Turanci. Kamfanoni suna son sa sosai. Masana kuma suna da ƙorafi biyu a kansa. Na farko, mutane da yawa in suka sake yin gwajin bayan 'yan makonni sai su faɗa wani rukuni daban. Na biyu, yana yanka mutane gida biyu a inda babu iyaka: ko kai mai son jama'a ne ko mai son kaɗaici, alhali yawancin mutane a tsakiya suke, kamar yadda yawancinmu ba dogaye ba ne can, ba kuma gajeru ba. In haka yake ga baligi wanda ya amsa tambayoyin da kansa, ina ga ɗan shekara huɗu da uwarsa ta amsa masa a waya, a daren da ya gama ɓata mata rai?

Ban ce ba su da amfani ko kaɗan ba. Uban da bai taɓa tunanin cewa shirun ɗansa halitta ce ba raini ba, in irin wannan bidiyo ya sa ya tsaya ya yi tunani, an samu riba. Haɗarin yana wurin laƙabi. Mu kuwa dama gwanaye ne a nan: miskili, sarkin kuka, dolo, mai taurin kai, uwar surutu. Yaro yana jin sunan da ake kiransa da shi a tsakar gida, yana ji ana gaya wa baƙi, kuma a hankali sai ya sa rigar da aka ɗinka masa. Sauya "miskili" da wasu haruffa huɗu na Turanci bai canza komai ba in har ma'anar ita ce an gama yanke masa hukunci.

Haka zancen ɗan fari da auta. Muna cewa ɗan fari wawa ne ko mai haƙuri, auta shagwaɓaɓɓe. A 2015 wasu masana a Jamus sun duba bayanan mutum fiye da 20,000 daga Jamus da Birtaniya da Amurka, ba su ga wani tasiri na jerin haihuwa a kan manyan halaye ba. Ba a ƙasar Hausa aka yi binciken ba, kuma mu muna da al'adar kunyar ɗan fari, inda uwa ba ta kiran sunansa, wani lokaci ma kaka ce ke riƙonsa. In an ga wani bambanci a wurinmu, ya kamata a fara dubawa ta nan, ta yadda muka bi da yaron.

Doka ɗaya, hanya daban

A nan ne masu tsoron shagwaɓa suke da haƙƙin a ba su amsa. Sanin halin yaro ba ya nufin a sassauta masa doka. Gaisuwa, gaskiya, sallah, aikin gida, duk suna nan a kan kowa. Abin da ke sauyawa shi ne hanyar da za a bi a kai kowane yaro can.

Wata masaniya a Jami'ar Iowa, Grazyna Kochanska, ta yi shekaru tana nazarin yadda yara ƙanana ke fara jin nauyin laifi a zuciyarsu, wato su bar abu ko ba wanda yake kallonsu. Ta gano cewa yaro mai tsoro ya fi kama tarbiyya in aka bi shi da lallami da bayani. Tsoron da ke cikinsa ya riga ya isa, in ka ƙara masa tsawa sai firgici ya cika masa kai, ya riƙe tsawar ya manta darasin. Yaro marar tsoro kuwa lallami kaɗai ba ya ratsa shi, amma abin mamaki, ƙara tsanani ma ba ya yi. Abin da ya fi kama shi shi ne shaƙuwa: in yana jin daɗin zama da uwarsa ko ubansa, sai ya bi maganarsu don kada ya ɓata abin da ke tsakaninsu. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan ƙiriniyar da bulala ta gaza a kansa, amma kawunsa da ke ɗaukarsa zuwa kasuwa yana faɗa masa magana ɗaya ya ji, ya ga wannan da idonsa.

Mai ƙiwa fa? Jerome Kagan na Jami'ar Harvard ya gwada ɗaruruwan jarirai 'yan wata 4 da sababbin abubuwa: kayan wasa masu motsi, baƙuwar murya, baƙon wari. Kusan kashi 20 cikin 100 suka riƙa banƙarewa suna wutsil-wutsil da kuka, kusan kashi 40 ko gezau. Na farkon sun fi zama masu ƙiwa da suka fara tafiya. Amma da aka ci gaba da binsu, da yawansu sun zama yara na tsaka-tsaki, ko da yake ƙalilan ne suka koma masu kutsawa ko'ina. An kuma lura cewa waɗanda ake yawan kārewa daga duk abin da suke tsoro sun fi daɗewa cikin tsoron. To ga kuskure biyu da muke yi. Ɗaya shi ne a fizgo yaro daga bayan uwarsa a tura shi gaban baƙo ana cewa "gaishe shi mana, kai wane irin yaro ne", kowa na dariya. Ɗayan shi ne a ce "ƙyale shi, haka yake", a daina aikensa ko'ina. Abin da ke aiki yana tsakani: a gaya masa tun kafin baƙi su zo, a bar shi ya tsaya kusa da uwarsa na ɗan lokaci, yau ya kawo ruwa, gobe ya gaisar, jibi a aike shi shagon da ke ƙofar gida.

Rigimammen yaro shi ya fi gajiyar da iyaye, shi ne kuma ya fi shan duka. Abin da yake buƙata shi ne tsari da ba ya canzawa: lokacin barci sananne, gargaɗi kafin a raba shi da wasa, dokoki kaɗan waɗanda ba a janye su don ya yi birgima. A gidan da ke da mutane da yawa, wannan yana nufin manya su haɗa baki. In uwa ta hana, kaka ta bayar, yaron ya koyi cewa kuka yana biya in an daɗe ana yi.

Game da duka, a 2016 Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor sun tattara binciken shekaru masu yawa da ya shafi yara fiye da 160,000. Ba su samu shaidar cewa duka yana gyara hali a tsawon lokaci ba, abin da suka gani shi ne yana tafiya tare da ƙarin faɗa da taurin kai. Na san da yawanmu za su ce an doke mu kuma ga mu mun zama mutane. Amma kowa ya tuna gidansu: akwai wanda bulalar ta wuce ta bayansa, akwai wanda ta mayar da shi maƙaryaci don ya tsira, akwai kuma wanda har yau ba ya iya zama ya yi hira da mahaifinsa.

Sai wani abu da ba a cika faɗa ba: iyaye ma suna da nasu halin. Uba mai son jama'a yakan ga ɗansa mai shiru kamar ragon namiji. Uwa mai son tsafta da natsuwa takan ji 'yarta mai rawar kai tana ƙure mata haƙuri fiye da sauran. Sau da yawa yaron da muke cewa ya fi wahala shi ne wanda halinsa ya fi nisa da namu, ko kuma wanda ya ɗauko ainihin abin da ba mu so a kanmu. A gidan da ake da 'yan uba, irin wannan bambancin jituwa nan da nan ake fassara shi da son kai, kuma yaran suna riƙe shi har girma.

Inda ba hali ba ne

Akwai abubuwan da ke sanye da rigar hali alhali ciwo ne, kuma a nan laƙabi yake yin ɓarna mafi girma. Yaron da ake cewa ba ya jin magana, wani lokaci da gaske ba ya ji: sanƙarau, ƙyanda da ciwon kunne mai ruwa duk suna iya rage ji. Yaron da ake kira malalaci ko mai sanyin jiki yana iya kasancewa da ƙarancin jini, ko tsutsar ciki, ko sikila, ko kuma yunwa ce kawai yake zuwa makaranta da ita. Wanda ba ya iya zama wuri ɗaya ko kaɗan, a gida da makaranta da masallaci, har abin yana hana shi karatu da abota, yana iya kasancewa da larurar rashin tattara hankali, wadda ake iya taimaka masa a kanta. Wanda ya kai shekara biyu ba ya haɗa kalma biyu, ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ba ya nuna abu da yatsa, yana buƙatar a auna jinsa a kuma duba ko larurar otizim ce, wadda ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane.

Alamar da ta fi saurin nuna cewa ba halin haihuwa ba ne ita ce canji na farat ɗaya. Halin haihuwa tun farko yake nan. Yarinya mai surutu da ta yi tsit cikin mako biyu, yaron da ya daina fitsarin kwance ya dawo yi, wanda ya fara ƙin zuwa wani gida ko wurin wani mutum ba tare da dalili ba, waɗannan ba miskilanci ba ne. A zauna da su a tambaya a hankali, ba a gaban mutane ba. In abin ya ci gaba, a fara da likitan yara a asibiti mafi kusa, shi zai tura gaba in da buƙata, ko zuwa sashen yara na asibitin koyarwa, ko asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Kaduna, Kware da Maiduguri.